Me ya sa zakaran lig zai zauna a gida saboda wasa ɗaya?

"Assalamu alaikum Koci. Ni ban daɗe da fara kallon ƙwallon kwandon jami'o'in Amurka ba, wani abu ne ya ɗaure min kai. Na ga ƙungiya ta yi wata huɗu tana cin wasa, ta ƙare ta ɗaya a lig ɗinsu, sai kuma aka ce a watan Maris akwai wata gasa ta 'yan kwanaki tsakanin 'yan lig ɗin, wai wanda ya ci wannan shi zai tafi babbar gasa ta ƙasa. Suka faɗi wasa ɗaya, shikenan aka bar su a gida. Wannan ba zalunci ba ne? Meye amfanin wahalar da suka sha tun Nuwamba? Kuma na ji wasu na cewa manyan makarantu ma ba su damu da gasar ba, gaskiya ne?"

Wa alaikumus salam ƙanena, Allah Ya yi maka albarka. In na fahimce ka tambayarka kashi biyu ce, na farko ko adalci ne a rataya makomar ƙungiya a kan wasa ɗaya bayan ta riga ta nuna ita ce gwana tsawon kaka, na biyu kuma ko manyan makarantu suna ɗaukar gasar da muhimmanci. Gaskiyar magana akwai cuta a ciki, kuma ba kowa cutar ke shafa ba, ƙananan lig ne ke kwana a ciki. Amma duk da haka ni ba na cikin masu cewa a soke gasar, gyara take so, kuma bari in warware maka dalilina daga tushe.

Yadda tsarin yake

Makarantun da ke mataki na ɗaya a NCAA, wato hukumar da ke kula da wasannin jami'o'i a Amurka, sun haura 350, an raba su lig-lig, wani lig makaranta 8 ne, wani 11, wani har 18. Babbar gasar ƙasa da ake fara ta a tsakiyar Maris a gama farkon Afrilu, wadda suke kira March Madness, an mayar da ita ƙungiya 68 a 2011. Ƙofa biyu ce ta shiga. Ta farko, kowane lig yana da tikiti ɗaya nasa na kansa wanda babu mai hana shi, a 2025 lig 31 ne don haka tikiti 31 ke nan. Ragowar gurabe 37 kuma wani kwamiti ne mai mutum 12 ke zama ya zaɓa, su duba wa ka ci, a gidanka ka ci shi ko a gidansa, wa ya ci ka, sannan ranar Lahadi da yamma su sanar a talabijin kowa ya san matsayinsa.

To shi wannan tikiti ɗayan, lig ne ke yanke wa kansa wanda zai ba. In ya ga dama ya ba wanda ya ƙare a saman tebur kamar yadda ka saba gani a Firimiya, in ya ga dama ya ba wanda ya ci gasar sili-ɗaya-ƙwale ta ƙarshen kaka, kuma yanzu dukkansu na biyun suka zaɓa. Ivy League, ligin su Harvard da Yale da Princeton, shi ne ya fi kowa daɗewa yana turjiya, har 2016 zakaran tebur yake ba wa tikiti, a 2017 shi ma ya bi sahu, sai dai ƙungiya huɗu ta saman tebur kawai ke shiga tasa gasar. Big Ten ma duk girmanta sai 1998 ta fara.

Nan ne fa bambancin yake fitowa. A 2025 ligin SEC mai makarantu 16 ya tura 14 zuwa babbar gasa, ka ga ke nan zakaran SEC ko a wasan farko aka fitar da shi daga gasar lig ba abin da ya rasa sai kofi, kwamiti zai ɗauke shi ko ta halin ƙaƙa. Amma mafi yawan lig-lig ɗin nan ƙanana ne, irin su MEAC da Southland da Patriot, waɗanda kusan kullum ƙungiya ɗaya tak suke turawa. A wurinsu kwana uku ɗin nan su ne komai. Kamar ɗalibin da tun fam wan yake zuwa na ɗaya ne, ranar jarrabawar JAMB zazzaɓi ya rufe shi, babu mai tambayar sakamakonsa na baya.

Daren da Maryland ta zauna a gida

Abin da kake jin zafinsa ba yau aka fara jin zafinsa ba, kuma a da ya fi haka muni don har manyan ma yana cin su. Ligin ACC ya fara gasarsa tun 1954, kuma a wancan zamanin doka ita ce ƙungiya ɗaya kacal daga kowane lig za ta je gasar ƙasa, komai ƙarfin ligin. A Maris 1974 a birnin Greensboro, NC State da Maryland suka haɗu a wasan ƙarshe, dukkansu suna cikin ƙungiyoyi biyar mafi ƙarfi a duk Amurka. NC State na da David Thompson da dogon nan Tom Burleson, Maryland ta koci Lefty Driesell na da Len Elmore da Tom McMillen da John Lucas. Aka yi minti 40 ba a rabu ba, aka shiga ƙarin lokaci, NC State ta ci 103 da 100, kuma ka tuna lokacin babu jifa mai maki uku, babu agogon da ke tilasta maka jifa, duk makin nan da gudu da gwaninta aka tara su. NC State ta wuce ta je ta doke UCLA wadda ta yi shekara 7 a jere tana ɗaukar kofin ƙasa, ta ɗauki kofin. Maryland kuwa da maki uku kawai ya raba su da zakaran ƙasa, gida suka koma.

Wannan wasa na cikin abubuwan da suka sa a 1975 NCAA ta faɗaɗa gasar zuwa ƙungiya 32 ta kuma yarda lig ɗaya ya iya tura ƙungiya ta biyu, daga baya aka cire iyakar gaba ɗaya, a 1985 aka kai 64. Wato dai manyan sun yi kuka an share musu hawaye. Ƙananan kuma har gobe a zamanin 1974 suke zaune.

Dubi Indiana State a 2024. Sun ci ligin Missouri Valley a tebur, wasa 28 suka ci kafin ranar zaɓen kwamiti, ƙwallonsu gwanin kallo, suna da wani yaro Robbie Avila mai gilashin ido da in ka gan shi a hanya ba za ka ce ɗan wasa ba ne amma yana raba ƙwallo kamar mai ido a ƙeya. Suka je wasan ƙarshe a St. Louis, Drake ta ci su 84 da 80, ranar Lahadi aka karanta sunaye babu nasu. Haka Monmouth a 2016, sun je sun doke UCLA da Notre Dame da USC da Georgetown, duk abin da ake ce wa ƙaramar makaranta ta yi sun yi, Iona ta ci su da maki uku a wasan ƙarshe na MAAC, aka bar su. Ni dai waɗannan biyun har yau in na tuna sai raina ya ɓaci, don yaran nan babu abin da ya rage da ba su yi ba.

To me ya sa lig ke yi wa zakaransa haka?

Kuɗi ne na farko, kada wani ya ruɗe ka. Ƙaramin lig yakan yi wata huɗu yana wasa babu mai kallonsa sai iyaye da 'yan makaranta, amma daren wasan ƙarshe na gasar lig ESPN ko CBS za su nuna shi duk ƙasa ta gani, sunan makarantar ya fita, a sayar da tikitin shiga, a samu 'yan talla. Manyan lig kuma biki ne na kwana huɗu ko biyar, tsofaffin ɗalibai masu kuɗi su cika otal-otal, birane suna rige-rigen karɓar baƙuncin gasar.

Na biyu, gasar ce ke hana kaka mutuwa. Ka ɗauka kana ƙungiyar da ke ta takwas a tebur a farkon Fabrairu, in da tebur ne kaɗai ai an gama da kai, sauran wasanni cika umarni ne kawai, 'yan kallo su daina zuwa, yara su fara tunanin makarantar da za su koma. Amma da yake akwai Maris, koci na iya tsayawa gaban yaransa ya ce musu muna da sauran numfashi, kuma ba ƙarya yake yi ba. Wannan na san shi a aikace don yara nake horarwa, kuma babu abin da ya fi wahala kamar ka sa yaro ya yi tsaro da gaske a atisaye alhali ya san ko ya yi ko bai yi ba babu inda za a je.

Sai dai kuɗin ma yana da baki biyu. NCAA na biyan lig ne gwargwadon yawan wasannin da ƙungiyoyinsa suka buga a babbar gasa, kowane wasa ɗaya yana kawo wa lig abin da ya kai kusan dala miliyan 2 ana biya cikin shekara 6. Don haka in ƙaramin lig ya tura gwanarsa akwai yiwuwar ta kayar da wata babba ta ƙara masa kaso, in kuma ya tura wadda ta yi sa'ar kwana uku, yawanci lamba ta 16 ake ba ta, wato matsayi na can ƙasa a jadawalin babbar gasa, a haɗa ta da dodo a yi waje da ita. Holy Cross ta shiga a 2016 da ci 14 faɗuwa 19. Texas Southern a 2018 wasa 13 na farkon kaka duk ta sha kashi, amma ta ci gasar SWAC ta tafi. Shugabannin lig sun san wannan lissafin sarai, shi ya sa za ka ga tsarin gasar ya bambanta daga lig zuwa lig, zan dawo kan wannan.

Abin da ke faruwa da jiki a kwana na uku

Yanzu bari in gaya maka dalilin da ya sa gwana ke faɗuwa a irin wannan gasa, don mutane na ɗauka sa'a ce zalla, alhali akwai dalilai da ido ke gani. Ni aikina da matasa ne a filayen siminti na nan gida, ban taɓa zama a bencin wata jami'ar Amurka ba, suna da likitoci da wankan ƙanƙara da masu tausa waɗanda mu ba mu da su, don haka ka ɗauki maganata da wannan ma'aunin. Amma gasar hutu da muke yi, a buga yau a buga gobe a buga jibi, jiki dai jiki ne.

Ƙafa ce ke fara tafiya. Jifa daga ƙafa yake tasowa ba daga hannu ba, don haka a kwana na uku za ka ga yaron da jiya komai ya jefa shiga yake, yau ƙwallonsa na dukan bakin ƙarfen kwando ta gaba tana dawowa, bai san me ya faru ba, yana ta kallon hannunsa. Sai tsaro, maimakon ya durƙusa ya matsa da ƙafa sai ya miƙe tsaye ya riƙa kai hannu, alƙali ya busa, kuma a ƙwallon jami'a keta biyar ce ka fita, ba shida ba irin ta NBA. Ni in ina son sanin ƙungiyar da ta ƙare ba allon maki nake kallo ba, layin jifan kyauta nake kallo lokacin da ake jiran alƙali ya miƙa ƙwallo. Wanda ya sunkuya ya kama gefen wandonsa da hannu biyu, bakinsa a buɗe, wannan ya gama, a kansa za mu bi da hari har sai kocinsa ya cire shi.

Abu na biyu shi ne sanin juna. Wannan karo na uku ke nan da yawancinsu ke haɗuwa a kaka ɗaya, sun san sunan kowane tsarin harinka, kana ɗaga yatsu biyu bencinsu ya riga ya fara ihun inda ƙwallo za ta je. Dabarar koci na raguwa, abin ya koma wa ke da mutumin da zai iya ƙirƙiro maki shi kaɗai in komai ya toshe. Kuma wasan minti 40 ne kawai, ba jerin wasa bakwai ba irin na NBA inda gaskiya kan yi halinta a hankali. Ƙaramar ƙungiya ta rage gudun wasa, ta koma tsaron zon, wato kowa ya tsare wurinsa maimakon ya bi mutum ɗaya, jifa mai maki uku ya shiga mata sau biyar a jere, sai ka ga gwana ta fara kallon agogo hannu na rawa. Ga kuma nauyin zuciya, na ɗaya shi ke da abin rasawa, na takwas ba shi da komai sai rigar jikinsa.

Shi ya sa mai tsaron baya ɗaya da ya kama wuta kan iya ɗaukar gasar a kafaɗarsa. Misalin da babu kamarsa shi ne Kemba Walker na UConn a gasar Big East ta 2011. Sun ƙare kaka da ci 9 faɗuwa 9 a lig, matsayi na 9, dole su fara tun ranar Talata. Suka ci DePaul, suka ci Georgetown, ranar Alhamis suka haɗu da Pittsburgh wadda ita ce ta ɗaya. Maki 74 da 74, saura 'yan daƙiƙu, aka yi musayar tsaro sai ga katon ɗan tsakiyar Pittsburgh Gary McGhee shi kaɗai a gaban Kemba. Kemba ya yi kamar zai shiga, ya dawo, ya sake yin kamar zai shiga, McGhee ƙafafunsa suka harɗe ya zube ƙasa, Kemba ya ja da baya taku ɗaya ya saki, ƙararrawa na kaɗawa ƙwallo na shiga. Washegari suka ci Syracuse a ƙarin lokaci, ranar Asabar suka ci Louisville 69 da 66. Wasa biyar cikin kwana biyar, shi kaɗai maki 130. Daga nan suka wuce suka ci wasa shida na babbar gasa suka ɗauki kofin ƙasa a hannun Butler.

Masu satar gurbi

Akwai wani ɓangare da ba ka tambaya ba amma yana cikin amsarka. In ƙungiyar da kwamiti ba zai taɓa ɗauka ba ta ci gasar babban lig, ta shiga da tikitin dole, su kuma manyan ƙungiyoyin ligin da ta kayar kwamiti zai ɗauke su duk da haka, sai guraben zaɓe su ragu da ɗaya, wani can a wata jiha da bai san hawa ba bai san sauka ba ya rasa wurinsa. A 2024 abin ya yi yawa, Oregon da Duquesne da UAB da NC State duk ta wannan ƙofa suka shiga, kuma wannan na cikin abin da ya ci Indiana State da Seton Hall da Oklahoma da Pittsburgh.

Amma ka dubi ita NC State ɗin ta 2024 ka gaya min ko za ka so a ce ba a yi ba. Sun zo gasar ACC a birnin Washington da ci 17 faɗuwa 14, wasa huɗu na ƙarshen kaka duk sun faɗi, ana ta maganar korar koci Kevin Keatts, matsayi na 10 a lig. Suka ci Louisville, suka ci Syracuse, suka ci Duke. A wasan kusa da na ƙarshe Virginia na gaba da maki uku saura daƙiƙa biyar, ɗan wasanta ya ɓarar da jifan kyauta, Michael O'Connell ya ɗauko ƙwallo da gudu ya jefa daga gefen hagu, ta daki allo ta yi ta zagaya bakin kwando sannan ta faɗa. Suka ci a ƙarin lokaci, washegari suka doke maƙwabtansu North Carolina 84 da 76, kofin ACC na farko tun 1987. Ga DJ Burns, ƙato mai nauyi da taushin hannu, yana juya manyan 'yan tsakiya yana murmushi. Ga Mohamed Diarra, Musulmi ɗan Faransa, watan Ramadan ya kama a daidai makon, yana azumi yana tsalle yana ƙwato ƙwallaye a ƙarƙashin kwando kwana biyar a jere. Daga nan sai da suka kai zagayen 'yan huɗu na ƙasa kafin Purdue ta tsayar da su. Tebur kaɗai ba zai taɓa ba ka wannan ba.

Shin manyan sun damu?

Maganar da ka ji tana da ƙamshin gaskiya amma rabi ce. Koci mai ƙungiyar da ta riga ta tabbatar da gurbi abin da ya fi tsoro shi ne rauni. A 2000 Cincinnati ce ta ɗaya a duk ƙasar, Kenyon Martin ne gwarzon shekara, minti uku da fara wasansu na farko a gasar Conference USA da Saint Louis ƙafarsa ta karye. Kwamiti ya sauke su zuwa lamba ta 2, Tulsa ta fitar da su a zagaye na biyu. Duk kocin Amurka ya san wannan labari. A 2025 ma Cooper Flagg na Duke ya gurɗe idon sawu a wasansu da Georgia Tech, aka ajiye shi sauran gasar don ya warke, ko da yake Duke ta ci kofin ba tare da shi ba.

Kuma tarihi ya nuna ba dole sai ka ci gasar lig za ka ci ta ƙasa ba. North Carolina ta ɗauki kofin ƙasa a 2005 da 2009 da 2017, duk ukun an fitar da ita a wasan kusa da na ƙarshe na ACC. UConn a 2023 Marquette ce ta fitar da ita a Big East, ta je ta huta ta dawo ta share kowa. A ɗaya hannun kuma Villanova a 2018, Kansas a 2022, UConn a 2024 da Florida a 2025 duk sun haɗa biyun. Don haka wanda ya ce maka cin gasar lig na gajiyar da ƙungiya, da wanda ya ce yana ba ta zafi, kowa na da misalin da zai kawo. Ni abin da nake gani shi ne ƙungiya mai dogon benci ba ta da abin tsoro, mai dogaro da mutum shida ita ce wasa uku a jere ke yi wa illa. Sannan lig irin su Big Ten da SEC da ke buga wasan ƙarshe ranar Lahadi, ana tashi ba da jimawa ba ake sanar da jadawali, kwamiti ya riga ya kusa gama aikinsa, don haka wannan wasan ba ya cika canja matsayi.

Amma koci daban, yara daban. In kana son ganin ko sun damu, nemi wasan Syracuse da UConn na 12 ga Maris 2009 a Madison Square Garden, inda Big East ke yin gasarta tun 1983. Wasan kwata fainal ne kawai, kuma dukkansu biyun sun riga sun tabbatar da gurbinsu a babbar gasa, babu wanda zai zauna a gida. Sai da aka yi ƙarin lokaci sau shida. 'Yan wasa takwas aka kora saboda keta, har yaran can ƙarshen benci da ba su taɓa tsammanin shiga ba sai da aka sako su, Jonny Flynn ya buga minti 67 cikin 70, aka tashi bayan ƙarfe ɗaya na dare Syracuse ta ci 127 da 117, kuma a ƙarin lokaci biyar na farko ko sau ɗaya ba ta shiga gaba ba. Washegari da dare suka sake fitowa suka ci West Virginia, shi ma a ƙarin lokaci. Mutumin da bai damu ba ba ya yin haka da jikinsa. Waɗannan abokan hamayya ne na shekara da shekaru, garinsu ɗaya ko maƙwabta, ranar wanka kuwa ba a ɓoyon cibi.

Gyaran da nake gani

Zaɓi uku ne a gaban ƙaramin lig. Ko ya koma ba zakaran tebur tikiti, wanda shi ne mafi adalci a takarda amma ya rasa darensa na talabijin kuma rabin ƙungiyoyinsa su mutu tun Fabrairu, ga shi yanzu lig-lig da yawa sun yi girman da ba kowa ke haɗuwa da kowa gida da waje ba, don haka tebur ɗin ma ba cikakken ma'auni ba ne. Ko ya bar gasar a buɗe a fili na tsaka-tsaki kowa ya shiga daidai wa daida, wanda shi ne ke jawo abin da ya ɓata maka rai. Ko kuma ya yi gasar amma ya karkata ta sosai wajen wanda ya sha wahalar kaka, kuma nan nake tsaye.

Akwai masu yin haka. A West Coast Conference, ligin da Gonzaga da Saint Mary's suka yi suna a cikinsa, an tsara yadda ta ɗaya da ta biyu sai a wasan kusa da na ƙarshe suke shigowa, wasa biyu kawai za su ci, na ƙasan tebur kuma sai ya yi ta hawa tsani kwana da kwanaki kafin ya iso wurinsu a gajiye. A America East da Patriot League kuma babu filin tsaka-tsaki, wanda ya fi matsayi a gidansa ake bugawa har wasan ƙarshe, shi ya sa in Vermont ta ci tebur sai ka zo ƙaramin ɗakin wasanta da ke Burlington cikin sanyi, jama'arta na ihu a kanka, ka ƙwace a can in ka isa. In da ni ake tambaya haɗa biyun zan yi, zakaran tebur ya jira a wasan kusa da na ƙarshe kuma a gidansa, sannan ƙungiyoyin can ƙasa kada ma su shigo gasar, yadda Ivy ke yi. Wanda ya zo ya ci ka a gidanka, kana hutawa shi yana gajiye, to ya ci halalinsa, kai ma ba ka da bakin magana.

Abin da ya fi ci min rai ma ba gasar lig ɗin ba ce, abin da ke biyo bayanta ne. Tun 2006 akwai alkawari cewa duk zakaran tebur da ya rasa babbar gasa yana da gurbi kai tsaye a NIT, wato gasa ta biyu a daraja, aƙalla yaran su ƙara wasa a san da su. A 2024 aka cire wannan alkawarin aka karkata guraben wajen manyan lig, a shekarar ƙungiyar da ta ƙare ta tara a babban lig ta fi zakaran ƙaramin lig samun hanya. Indiana State dai an gayyace ta a shekarar, kuma ta nuna wa kwamiti kuskurensa, ta yi ta cin wasa har wasan ƙarshe a Indianapolis inda Seton Hall, wadda ita ma aka bari a gida, ta ci ta 79 da 77.

In Maris ya zo kuma kana son ka gane abin da nake faɗa da idonka, kada ka tsaya kan ACC da Big East kaɗai, nemi wasan ƙarshe na ƙananan lig, yawancinsu a makon da ke gaban ranar zaɓe ake yin su, wasu ma tun ƙarshen makon da ya gabace shi. Ka lura da lokaci, Amurka na canja agogo a Lahadi ta biyu ta Maris, kafin nan tsakaninmu da New York awa shida ne, bayan nan awa biyar, wato wasan ƙarfe 7 na yammarsu ƙarfe 12 na dare ne a Kano. Na ACC na ranakun Laraba da Alhamis da na Big East na ranar Alhamis kuma da tsakar ranarsu ake fara su, wajen ƙarfe 5 ko 6 na yamma a nan, waɗannan za ka kalla ba tare da ka hana kanka barci ba.